Shaidar malamin firamare: yadda yaro ke kaiwa ga karatu da bakinsa

Koyar da karatu a ƙananan azuzuwan firamare shi ne aikin da na yi ƙuruciyata da girmana a cikinsa, kuma shaidar da zan bayar ita ce: mafi yawan yaran da ake cewa kansu ba ya ja, ba a taɓa zaunar da su an saurare su suna karatu su kaɗai ba. A cikin amshi suke ɓuya, shekara ta bi shekara, har su kai aji huɗu ko biyar.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yadda abin yake. Malami ya rubuta jimla a allo, ya nuna da sanda, ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya. Mai wucewa ta bakin taga zai rantse karatu ya kankama. Alhali a cikin muryoyi hamsin ɗin nan, biyar ko shida ne ke kallon haruffa, sauran bakin na gaba suke bi, da ɗan jinkirin da kunne ba ya kamawa. In ana son gaskiya, a goge allon, a sake rubuta kalmomin a wani jeri daban, a kira yaro ɗaya a nuna masa ta ƙarshe. Nan take za a raba mai karatu da mai hadda. Wannan ɓuya ce ta sa ban yi mamaki ba da Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, ƙiyasin da ya haura zuwa kashi 70 a 2022 bayan rufe makarantu saboda korona. Da yawansu suna zuwa makaranta kullum, sunansu yana cikin rajista.

Don haka makonni biyun farko na zango, a wurina, na sauraro ne. Kayan aikin ba su da yawa: takarda ɗaya mai haruffa a gauraye, manya da ƙanana, wata mai kalmomi, wata mai gajeren labari na kalmomi kamar 60, sai agogo. Gwajin nan na karatun ƙananan azuzuwa mai suna EGRA da aka ƙirƙiro a 2006, wanda ƙasashe da dama ke amfani da shi, haka yake tafiya: haruffa 100 a jere goma-goma, a ba yaro minti ɗaya, in ya tsaya a kan harafi daƙiƙa uku a nuna masa na gaba, in ya kasa layin farko gaba ɗaya a dakata a yi masa godiya. Dakatawar nan tana da muhimmanci, domin yaron da aka bari yana zufa a gaban takarda na minti biyar ya riga ya tsani darasin gobe. Ina sa kalmomin da ba su da ma'ana a ciki, irin su "nuki" ko "lomu", saboda su ba a haddace su, sai dai a haɗa sautukansu. A Ingila ma tun 2012 ana gwada kowane yaro ɗan kimanin shekara shida da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne. A shekarar farko kashi 58 suka ci, zuwa 2019 sun kai kashi 82.

Aji mai yara 60 ba ya hana wannan. Yara shida a rana, minti biyu kowanne yayin da sauran ke rubutu, cikin mako biyu an zagaye kowa. Abin da ake nema shi ne matakin da yaro yake: bai san harafi ba, ko ya san haruffa, ko yana haɗa kalma, ko yana karanta sakin layi, ko yana karanta labari. Waɗannan matakai biyar su ne ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarinta a kai, na raba yara gwargwadon abin da suka iya na awa ɗaya ko biyu a rana, ba tare da duba shekaru ko aji ba.

Kafin harafi akwai kunne. Yaro yana zuwa makaranta da dubban kalmomi a bakinsa, amma bai taɓa lura cewa kalma tana ɓarewa gida-gida ba. Minti biyar a farkon darasi sun isa: a tafa hannu a kan gaɓoɓin sunansa, a tambaye shi da wane sauti "mota" ta fara, a furta "ka" da "sa" a ware a ce ya haɗa, a ce ya cire "ta" daga "kasata" ya faɗi abin da ya rage. Ba allo, ba littafi. Wanda bai ji "s" a farkon "suna" ba, in an nuna masa harafin, zane kawai yake gani.

Sai haruffa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Rera a, b, c, d daga farko zuwa ƙarshe waƙa ce mai daɗi, amma ba ta buɗe kalma ko ɗaya. Sautin harafi ake koyarwa, ba sunansa na Ingilishi ba. Yaron da aka ce masa wannan "em" ne, wancan "ei" ne, in ya haɗu da "ma" zai ce "emei", kuma laifin ba nasa ba ne. Haka kuma ba a bin jerin haruffa. A fara da waɗanda suka fi yawa a harshe, waɗanda za su haifar da kalmomi da wuri. Da a, m, k, n, i kaɗai, yaro zai karanta mama, kaka, kama, ina, nan, kai, mana. Zai karanta labarinsa na farko ma: "Ina mama? Mama na nan. Kaka ma na nan." Wanda bai taɓa ganin fuskar yaro a ranar da ya karanta irin wannan layi da kansa ba, bai san dalilin da ya sa wasunmu suka kasa barin ajin farko ba.

Sabon harafi biyu zuwa uku a mako shi ne abin da na ga yawancin yara na iya ɗauka, tare da bitar na baya kowace rana. Ana fara haɗawa da baƙaƙen da ake iya ja, irin su m, n, s, l, domin malami zai ja "mmm" yatsarsa na tafiya a ƙarƙashin harafin har ta isa wasali, sautin ya zuba cikin "a" ba tare da ya yanke ba. Baƙaƙe irin su b, d, k, t ba sa jawuwa, kuma in malami ya ce "ba" yana nufin "b", yaro zai karanta "bi" a matsayin "ba-i". Wannan ƙaramin abu yana tsayar da yara wata da watanni, kuma ba kowane malami ke gane daga ina matsalar ta fito ba.

Jerin ba, be, bi, bo, bu yana da amfani sosai, domin a kan gaɓa harshenmu yake tafiya. Illarsa ita ce shi ma waƙa yake zama. Maganinsa kwali ne da almakashi: a yanka katuna, gaɓa ɗaya a kan kowanne, a gauraya, a ɗaga ɗaya-ɗaya ba bisa jeri ba, a sa yara su jera biyu su fitar da kalma. Daga buɗaɗɗiyar gaɓa a wuce zuwa rufaffiya, irin "kan" da "har", sannan baƙi biyu a jere kamar a "hannu" da "babba", sannan tagwayen wasula ai da au. Haruffa biyu masu sauti ɗaya, sh da ts da kw da gy da 'yan'uwansu, a rubuta su a kati ɗaya tun farko, kada yaro ya saba raba su. Amma b da d da ɓ da ɗ, waɗannan huɗu kada a kusanta su. A koyar da ɗaya, a bari ya zauna daram na mako biyu ko uku, sannan a kawo ɗan'uwansa. Juya b da d a shekarar farko abu ne da kusan kowane yaro ke yi, domin har ya zo makaranta duk abin da ya sani, in an juya shi hagu ko dama, sunansa bai canzawa. Masu ƙugiya kuma a koyar da su da kalmomi masu kama, kafa da ƙafa, bari da ɓari, kuma malami ya kula da ƙugiyarsa a allo, don abin da ya yi sakaci da shi yara 60 za su kwafa.

Muna da sa'ar da ba kowa ke da ita ba. Rubutun da harafi ke riƙe da sauti ɗaya yana saurin shiga. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya kwatanta yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko: masu koyon harsunan Finlan da Girka da Italiya da Sifen suna karanta fiye da kashi 90 na kalmomin da aka ba su daidai, masu koyon Ingilishi kuwa kusan ɗaya cikin uku. Hausa tana cikin masu sauƙin, in aka ɗebe tsawon wasali da karin sauti da ba ma rubutawa, waɗanda jimla ce ke fayyace su. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga an tsallake harshen da yaro ke ji an fara masa da wanda bai taɓa ji ba, an ɗora masa kaya biyu lokaci guda, na gane haruffa da na gane magana. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara da harshen uwa. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya iya a harshensa, in ya zo harshe na biyu sabbin kalmomi da sabbin ƙa'idoji kawai zai koya, a gaya masa a fili cewa c ɗin can ba irin tamu ba ce.

Darasin da kansa awa ɗaya ne a kowace rana, da safe kafin yara su gaji, kuma kada a yarda a mayar da shi lokacin shara ko taro. Minti biyar na wasan kunne, biyar na bita, goma na sabon harafi da rubuta shi, goma na haɗa gaɓoɓi da kalmomi, goma na karatu biyu-biyu, goma na shifta, ragowar na labari. A kowane mataki malami ya yi su gani, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Na ukun nan ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ne karatun. Shifta kuwa ita ce madubin malami: kalmomi biyar da jimla ɗaya, daga haruffan da aka riga aka koyar. Wanda ya rubuta "hanu" a maimakon "hannu" ya gaya maka abin da za ka koya masa gobe. Kwafe daga allo ba ya gaya maka komai, akwai yara masu kyakkyawan rubutun hannu da ba sa iya karanta layi ɗaya daga abin da suka cika littafi da shi.

Idan yaro ya cije a kan kalma, kada a ce masa ya dubi hoto ya cinka, kada kuma a bar aji su yi masa ihu da amsa. A sa yatsa a gaɓar farko, a jira. Daƙiƙa uku zuwa biyar na shiru suna yi wa malami tsawo, amma a cikinsu ne yaro ke aiki. In ya kasa, a furta masa gaɓar, ya ƙarasa, ya koma farkon jimlar ya sake karanta ta. Cinke yana tafiya a aji ɗaya inda kowane shafi ke da hoto, sai a aji uku hotuna su ƙare, asirin ya tonu.

Bayan daidai sai sauri. Mai karatu yana ƙirga gaɓa ɗaya-ɗaya, kafin ya kai aya ya manta farkon jimlar, domin duk hankalinsa ya ƙare a kan haruffa. Ana auna wannan da yawan kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya, kuma ma'aunin ya danganta da harshe: a Kenya an sa kalmomi 45 ga Swahili, 65 ga Ingilishi, a aji biyu, saboda kalmomin Swahili sun fi tsawo. Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce maimaita gajeren labari ɗaya sau uku ko huɗu a cikin mako: malami ya karanta da murya mai rai, yana tsayawa a waƙafi da aya, yara su karanta wa juna biyu-biyu, a ƙarshen mako kowa ya ga ƙarin da ya samu a kan na farkon mako. Da kansa ake gwada yaro, ba da na kusa da shi ba. Wajen haɗa biyu-biyu kuma, kada a haɗa na ɗaya da na ƙarshe, mai ƙarfin zai gaji, mai raunin zai yi shiru. A jera sunaye daga sama zuwa ƙasa, a raba jerin biyu, a haɗa na farkon rabin sama da na farkon rabin ƙasa.

Duk wannan rabin aiki ne. Masu bincike Philip Gough da William Tunmer sun bayyana shi a 1986 da lissafi mai sauƙi: fahimtar karatu ita ce iya furta abin da aka rubuta sau fahimtar harshe. Sau, ba tarawa ba, wato in ɗaya sifili ne, sakamakon sifili ne. Saboda haka minti goman nan na labari ba hutu ba ne. Malami ya karanta musu abin da ya fi ƙarfin karatunsu amma bai fi ƙarfin kunnensu ba, ya zaɓi sabbin kalmomi biyu ko uku ya bayyana su da misali, ya tsaya a tsakiya ya tambaya me suke jin zai faru, kuma don me. Tambayar "wa ya tafi?" ana amsa ta da ɗaga kalma daga layi. Tambayar "me ya sa ya tafi?" ita ke nuna wanda ya fahimta. Kada kuma ya zama tatsuniya kaɗai. A karanta musu yadda ruwan sama ke samuwa, yadda tururuwa ke gina gida, me ya sa wata ke raguwa, domin daga aji huɗu littattafai suna ɗauka yaro ya san duniya, kuma a nan ne waɗanda suka iya furtawa amma ba su da kalmomi ke fara zamewa.

Game da son karatu, ra'ayina ya daɗe da tsayawa wuri ɗaya. Ba a sa wa yaro son abin da yake ba shi kunya a gaban 'yan'uwansa. Bulala a kan kalmar da aka kasa, tsayar da yaro a gaban aji ana dariya, ba da karatu a matsayin horo ga wanda ya yi surutu, kowanne yana koya wa yaro cewa littafi wurin wulaƙanci ne. Gasa da kyauta kuma kullum mutum uku ɗin nan ne ke cinyewa, sauran su gane ba da su ake ba. Abin da ke jawo yaro shi ne littafin da zai iya, wanda ya zaɓa da kansa, da lokacin da aka ware masa. Ma'aunin iyawa a bayyane yake: in yana kuskure fiye da ɗaya a cikin kalmomi goma, littafin ya fi ƙarfinsa, in bai wuce ɗaya a cikin ashirin ba, zai iya shi kaɗai. Ga yaran da kansu, a ce su buɗe shafi su lanƙwashe yatsa a duk kalmar da ta gagare su, in hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, a ajiye shi sai gaba.

Kaɗan-kaɗan ɗin nan yana taruwa fiye da yadda ake zato. Wani bincike na 1988 a kan 'yan aji biyar a Amurka ya nuna cewa mai karanta littafi na kimanin minti 21 a rana a wajen makaranta yana haɗuwa da kalmomi kusan miliyan 1.8 a shekara, na can ƙasa kuwa, wanda ba ya kai ko minti ɗaya, kusan 8,000. A Fiji kuma, a farkon shekarun 1980, masu bincike Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai kimanin 250 a azuzuwan wasu makarantun karkara, ana karantawa kullum, cikin wata takwas yaran suka ci gaba ninki biyu na abin da aka saba gani. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga littattafai sababbi ful a kulle cikin kabad, ana tsoron kada su yage. Littafin yara in bai yi datti ba, ba a karanta shi ba. A fito da su, a rataye su a igiya a jikin bango inda bangonsu zai fuskanci yara, a naɗa yara biyu masu rubuta aro a littafin rajista, a yarda tun farko cewa wasu za su ɓace, a tanadi salatif. Inda babu littattafai, takarda ɗaya in aka ninke ta sau uku aka tsaga tsakiya tana ba da ɗan littafi mai shafi takwas. Yara su ba da labari da baki, malami ya rubuta da haruffan da suka sani, su zana hotuna. Irin wannan sun fi kowanne karantuwa, domin marubucin yana zaune a benci na uku.

Iyaye da yawa sukan ce su ba su yi karatu ba, me za su iya? Abin da nake roƙonsu shi ne kunne na minti goma: yaro ya karanta musu da ƙarfi, su tambaye shi me ya faru a labarin. Uwar da ba ta san harafi ba tana gane inda labari ya karkace. Wannan ya fi muhimmanci a dogon hutu, lokacin da mai rauni ke dawowa ya zubar da rabin haruffansa.

Akwai waɗanda duk an yi wannan ba su motsa ba, kuma kafin a yanke musu hukunci a duba abu uku. Ido: mai runtse ido ko mai kwafa daga littafin maƙwabci a dawo da shi gaba, a shawarci iyaye su kai shi gwaji, malami kuma ya je ƙarshen aji ya ga ko shi kansa yana iya karanta allonsa. Kunne: yaron da kunnensa ke ciwo ko ke zubar da ruwa ba zai bambance s da sh ba. Sai rajista, domin wanda ya rasa kwana biyu a kowane mako ya rasa kusan rabin haruffa. In duk waɗannan lafiya, akwai yara masu kaifin basira a magana waɗanda haɗa sauti da harafi ke yi musu wuya ƙwarai. Hanyar ba ta canzawa a kansu, sai dai a rage gudu: rukuni na yara huɗu ko biyar, minti 20 a kowace rana ban da darasin aji, harafi ɗaya a mako in ta kama, maimaici mai yawa, suna furta sauti suna rubuta shi. Babban yaro ɗan aji biyar da bai iya ba, shi ma daga a, m, k zai fara, amma a keɓe, ba a gaban ƙannensa ba, kuma da jimlolin da suka dace da shekarunsa. Irin waɗannan sukan yi sauri fiye da ƙanana, domin kalmomin suna nan a kansu tuntuni.

A ƙarshen shekara, takardar da na fi ba muhimmanci ita ce wadda zan miƙa wa malamin aji na gaba: sunan kowane yaro, matakin da yake, haruffan da har yanzu suke ruɗa shi, kalmomi nawa yake karantawa a minti ɗaya, da irin labarin da yake so. Da ita malamin zai san tun ranar farko su wa zai zaunar a gaba, da kuma harafin da zai fara bita da shi.